Ɓacewa da Lalacewar Fayilolin Manhaja a Shagunan Kwamfuta na Yankin Mada

Tsakure

Maƙalar ta nazarci matsalolin da ke tasowa idan fayil ɗin manhaja ya ɓace ko ya lalace, bisa yanayin aiki a Mada, Gusau, Tsafe da Bungudu da ke jihar Zamfara. Ta nuna cewa goge kwamfuta gaba ɗaya, wato fomatin, bai kamata ya zama maganin farko ba.

1.0 Gabatarwa

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta a 2015, ɗalibai suka dogara da shagunan buga takardu, haka ma masu neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013. Idan manhaja ta ƙi buɗewa a shago, cinikin ranar ya tafi.

2.0 Yadda Matsalar Take

A tsarin Windows, manhajoji da yawa suna amfani da fayiloli iri ɗaya masu suna DLL, kamar matan gida da turmi guda. VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll, alal misali, suna cikin ƙunshin Visual C++ na Microsoft. Rashin ɗayansu kan tsayar da manhajoji da dama, alhali na'urar lafiyarta ƙalau. Lalacewar fayil ma kan yi irin wannan ɓarna: a ranar 19 ga Yuli, 2024, gurɓataccen fayil daga kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya.

3.0 Sababai

Na farko shi ne ɗaukewar wuta. Idan lantarki ko janareta ya mutu ana cikin sabunta manhaja, sai fayil ya tsaya rabi. Na biyu shi ne fulash da ke yawo hannu-hannu ɗauke da ƙwayoyin cuta. Na uku shi ne manhajar sata: an taɓa fayilolinta, don haka manhajar tsaro kan killace su. Na huɗu shi ne yankewar sadarwa. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, sauke fayil daga intanet ya gagara. Ga kuma Windows 7, wadda Microsoft ya daina tallafa wa tun 14 ga Janairu, 2020.

4.0 Magani

A fara da umarnin chkdsk domin duba faifai, sannan sfc /scannow, wanda ke maye lalatattun fayilolin Windows da masu kyau. In ya kasa, a yi amfani da umarnin DISM. Idan fayil ɗin Visual C++ ne, a sake sanya ƙunshin dukansa. Ɗauko DLL guda daga shafin da ba a sani ba yakan shigo da sabuwar cuta.

5.0 Kammalawa

Fomatin yakan share takardun jama'a, ya bar sababin yana nan. Maƙalar na ba da shawarar kowane shago ya tanadi batirin UPS, ya kuma keɓe fulash guda mai ɗauke da manhajojin asali, wanda ba a ba kowa aro.