Fatsar Nishaɗi a Amurka: Tarihin Kifin Bas daga Tukunya zuwa Fagen Gasa

1.0 Gabatarwa

A ranar 2 ga watan Yuni na shekarar 1932, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya kama wani ƙaton kifi a tafkin Montgomery da ke Jihar Georgia ta ƙasar Amurka. Da aka aza shi a ma'auni a garin Helena, sai aka sami nauyinsa laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yar ɗoriya. A lokacin kuwa ana tsakiyar karayar tattalin arziki, don haka ana gama awo ya ɗauki abinsa ya kai gida, aka soya, iyali suka ci. Bayan shekara 77, a cikin 2009, wani Bajapane mai suna Manabu Kurita ya kama irin wannan kifi mai kusan nauyi ɗaya a tafkin Biwa na ƙasar Japan, inda doka ta hana mai fatsa mayar da shi ruwa da rai, alhali a Amurka a wannan zamani sakinsa ne abin yabo, yanka shi kuma abin kunya a wurin ma'abota harkar.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda al'amarin ya juya haka. Abin da ake nufi da fatsar nishaɗi a nan shi ne kamun kifi da sanda da zare da ƙugiya, wanda mai yin sa bai dogara da shi ba wajen ci ko sayarwa. Ya sha bamban da su irin na sana'a, wanda ake yi da taru ko birgi domin a cika kwando.

2.0 Sunan Kifin da Halinsa

Kalmar da Turawa ke rubutawa bass, wadda za a riƙa rubutawa bas a nan, ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalmar Ingilishi da ake kiran wani kifin Turai da ita. Baƙin da suka ƙetara zuwa Amurka sun tarar da kifin da ba su sani ba, sai suka laƙaba masa sunan wanda suka baro a gida. A jihohin kudu ma sunan trout suka daɗe suna kiran sa da shi, ko da yake babu dangantaka tsakaninsu. Faransawan Kanada kuwa aron suna suka yi daga harsunan mutanen da suka tarar a ƙasar, suna ce masa achigan.

Sunansa na kimiyya ma bisa kuskure aka raɗa shi. A shekarar 1802 masanin halittu Bafaranshe, Lacépède, ya duba wani kifi guda da aka kai masa wanda fiffiken bayansa ya yage, ya ɗauka cewa ɓallin da ya rabu wani ƙaramin fiffike ne na halitta, sai ya sa wa jinsin suna Micropterus, ma'ana mai ƙaramin fiffike. Da yake ƙa'idar masana ita ce sunan farko shi ke zama, kuskuren ya zauna daram har yau.

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai mai babban baki, wanda muƙamuƙinsa ke zarce ido, yana son ruwa mai ɗumi, kwantacce, mai ciyayi da kututture. Akwai kuma mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ruwa mai sanyi da duwatsu. Dukkansu mafarauta ne masu kwanton ɓauna, suna cin ƙananan kifaye da kwaɗi da ƙwari, kuma sukan kai bara ga duk abin da ya gilma yana motsi, ko da ba yunwa suke ji ba. Wannan hali na ƙarshe shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, domin kifin da zai haɗiyi guntun itace don kawai ya motsa, shi ne wanda za a iya gina masana'antu a kansa.

3.0 Daga Raini zuwa Daraja

A farkon ƙarni na 19 masu hannu da shuni na biranen gabashin Amurka sun gaji ra'ayin Ingila ne game da fatsa, wato kifin da ya cancanci mai mutunci ya ɓata lokaci a kansa shi ne trout ko salmon. Bas abincin talaka ne, ana kama shi da taru a zuba a ganga a kai kasuwa. A Jihar Kentucky, inda babu waɗancan kifaye na alfarma, a can ne aka fara ba shi muhimmanci. Wani mai gyaran agogo a garin Paris na jihar, George Snyder, ya ƙera keken naɗe zare wanda murzawa ɗaya ke juya shi sau da yawa, daga baya kuma wasu maƙeran agogo da azurfa na garin Frankfort, irin su 'yan gidan Meek da Milam, suka mayar da abin sana'a. Da wannan keke ne mai fatsa ya sami ikon jefa ƙugiya nesa, ya kuma jawo ta cikin sauri.

Kifin kansa bai tsaya inda Allah ya ajiye shi ba. Buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825 ya ba shi hanya zuwa gabas, a 1854 kuma aka ɗauki wasu 'yan ƙalilan a cikin bokiti, a tankin ruwan jirgin ƙasa, aka juye su a ruwan da ke haɗe da kogin Potomac. Bayan kafa hukumar kifi ta tarayya a 1871, sai rarraba shi ya zama aikin gwamnati, ana loda shi a taragai na musamman zuwa jihohin da ba su taɓa ganinsa ba.

Wanda ya ba shi daraja a rubuce shi ne wani likita, James Henshall, da littafinsa Book of the Black Bass, wanda aka buga a Cincinnati a 1881. Henshall ya lura cewa sare dazuzzuka da dattin masana'antu suna ƙarar da trout daga ƙoramu, ya kuma yi hasashen cewa bas ne zai gaje shi a matsayin kifin nishaɗi na ƙasar. Hasashen ya tabbata, ko da yake hanyar da aka bi ba wadda ya zata ba ce. A 1902 wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na Jihar Michigan, James Heddon, ya fara sayar da kifin ƙarya na itace mai ɗauke da ƙugiyoyi, wanda ake ja a saman ruwa yana fantsama.

4.0 Doka da Madatsun Ruwa

Zuwa shekarun 1920 sun kasuwa ya kusa ƙarar da bas a wurare da dama. Jihohi sun yi dokoki, amma masunta kan kama a wannan jiha su sayar a waccan. Ƙungiyar Izaak Walton, wadda aka kafa a Chicago a 1922, ta matsa lamba har majalisar tarayya ta zartar da doka a 1926 wadda ta haramta ƙetara iyakar jiha da bas ɗin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba. Tun daga nan ya fara fita daga hannun ɗan kasuwa yana komawa hannun mai nishaɗi. A 1950 kuma aka yi dokar Dingell da Johnson, wadda ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi domin kula da ruwa da kifi. Ke nan mai sayen ƙugiya shi ke biyan albashin masanin da ke ƙidayar kifin.

Sai dai abin da ya fi kowace doka tasiri shi ne datse koguna. Daga kafa hukumar kwarin Tennessee a 1933 zuwa shekarun 1960, an gina manyan madatsun ruwa a kudancin ƙasar domin samar da lantarki da hana ambaliya. Ba don kifi aka yi su ba. Amma ruwan da ya kwanta ya shanye gonaki da dazuzzuka da kufan ƙauyuka, ya zama irin mazaunin da mai babban baki yake so, sai ya hayayyafa fiye da kima. Kifayen da suka saba da ruwa mai gudu kuwa suka ja baya, iyalai dubbai kuma aka tashe su daga gidajensu na gado. Wannan ɓangare ba kasafai mujallun fatsa ke tuna shi ba. A gonaki ma, binciken Homer Swingle na Auburn a Jihar Alabama ya koya wa manoma yadda za su haƙa kududdufi su zuba bas tare da ƙananan kifayen da zai riƙa ci.

Kayan aiki suka biyo baya a jere: tanar roba ta Nick Creme a 1949, keken zare mai rufi na Zebco wanda ko yaro zai iya sarrafawa, zaren nailan, da na'urar Lowrance mai gano zurfin ruwa da kifi ta hanyar amsa-kuwwa a ƙarshen shekarun 1950.

5.0 Ray Scott da Zuwan Gasa

Ray Scott dillalin inshora ne daga Montgomery ta Alabama. A watan Yuni na 1967 ya shirya gasa a tafkin Beaver na Jihar Arkansas, mutum 106 suka shiga, kowa ya biya dala 100. Kafin shi ma ana yin gasannin kamun kifi, amma sun yi ƙaurin suna wajen maguɗi, domin mutum kan iya ɓoye kifi tun jiya ya fito da shi yau. Dabarar Scott ita ce ya haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a kwalekwale guda, kowa ya zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa, ya kuma hana amfani da abinci mai rai a ƙugiya. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S., a 1971 kuma aka yi babbar gasarta ta farko a tafkin Mead, inda Bobby Murray ya ci dala 10,000.

A gasannin farko kifin da aka auna a mace yake, ana tara shi tsibi a raba wa gidajen marayu da mabukata. Mazauna bakin tafkunan ba su ji daɗin haka ba, suna ganin baƙi sun zo sun kwashe musu ruwa. Scott ya ga yadda masu fatsar trout a Colorado ke sakin abin da suka kama, sai a 1972 ya shigo da tsarin a gasanninsa: kowane kwalekwale ya kasance da akwatin ruwa mai iska, wanda ya kawo kifi da rai a ƙara masa maki. Ana iya cewa tausayi da lissafin kasuwa ne suka haɗu a nan, domin gasar da ta ƙarar da kifinta ta kashe kanta. Ko ma mene ne dalilin, cikin shekaru kaɗan al'adar ta bazu daga 'yan gasa zuwa ga mai zuwa tafki ranar hutu, har ta kai masana kifi a wasu jihohi suna roƙon jama'a su riƙa tafiya da ƙanana gida, saboda yawansu ya sa abinci ba ya isa, ba sa girma.

Neman ƙato kuwa bai tsaya ba. An kai irin bas na Florida, wanda ya fi girma, zuwa Kalifoniya a 1959 da Texas a farkon shekarun 1970, duk da fatan a karya tarihin Perry. Ba a karya shi a Amurka ba.

6.0 Bayan Ƙetare Teku

Tun kafin zamanin gasa an riga an fitar da kifin zuwa wasu nahiyoyi. Ya isa Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naivasha na Kenya a 1929, galibi domin Turawa mazauna can su sami abin fatsa irin wanda suke karantawa a mujallu. A ƙoramun yankin Cape, inda ƙananan kifayen gida ba su taɓa zama da mafarauci irin wannan ba, mai ƙaramin baki ya share su daga dogayen sassan ruwa, har ta kai a 2012 da 2013 hukuma ta zuba magani a wani sashe na kogin Rondegat domin a kashe shi a mayar da na asali. A Guatemala an zuba bas a tafkin Atitlán a 1958 domin jawo masu yawon buɗe ido. Ya cinye kifaye da ƙaguwar da wani tsuntsun ruwa marar tashi ke rayuwa a kansu, yana kuma haɗiye 'yan tsakinsa. Sare ciyayin bakin ruwa da janyewar tafkin bayan girgizar ƙasa ta 1976 suka ƙarasa aikin. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 tsuntsun, wanda babu shi a ko'ina sai nan, ya ƙare.

Labarin Japan ya fi kowanne sarƙaƙiya. Wani ɗan kasuwa, Akaboshi Tetsuma, shi ya kawo kifin tafkin Ashi a 1925. Ya daɗe a killace, sai daga shekarun 1970, lokacin da salon fatsar Amurka ya shiga ƙasar tare da kayansa da mujallunsa, aka fara ganinsa a tafki bayan tafki, ana kuma kyautata zaton masu sha'awarsa ne ke zuba shi a ɓoye. An gan shi a tafkin Biwa a 1974. Masuntan wannan tafki sun gaji kamun wasu kifaye na gida, ciki har da wanda ake tsimawa da shinkafa da gishiri a yi abincin gargajiya na funazushi, kamun kuma ya faɗi warwas, ko da yake gyaran gaɓar tafkin da ya lalata wuraren ƙwai shi ma yana da nasa kason na laifi. Rikici ya tashi tsakanin masu su don ci da masu fatsa don nishaɗi, waɗanda ke da masana'antu masu ƙarfi a bayansu. A 2003 lardin Shiga ya hana mayar da bas cikin Biwa, aka ajiye akwatuna a bakin ruwa domin a jefa shi, a 2005 kuma dokar ƙasa ta sa shi cikin baƙin halittun da aka haramta shigo da su ko ɗaukarsu da rai daga wuri zuwa wuri.

A cikin wannan tafki, ƙarƙashin wannan doka, Kurita ya kama nasa ranar 2 ga watan Yuli na 2009, mai nauyin kilo 10.12. Ya ɗara na Perry da abin da bai kai oza ɗaya ba. Ƙa'idar ƙungiyar IGFA mai ajiye irin wannan tarihi ita ce, a kifin da bai kai laba 25 ba, sai sabon kamu ya fi tsohon da oza 2 kafin ya ture shi. Bayan bincike na wata shida, a farkon 2010 ƙungiyar ta rubuta sunayen mutanen biyu a layi guda.