Malam Abdullahi na Gwandu: Asalinsa, Karatunsa da Koyarwarsa

Gabatarwa

Ƙasar Bagudo, tare da Illo da Ka'oje da sauran garuruwan da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Benin, tana cikin masarautar Gwandu, wadda aka kafa a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Mafi yawan abin da ake tunawa da shi a makarantu shi ne yaƙi da sarauta. Wannan maƙala kuwa za ta dube shi ne a matsayin malami mai neman gyara, domin ta haka ne kaɗai za a fahimci wasu al'amuran rayuwarsa.

Asali da Neman Ilimi

An haife shi a shekarar 1180 ta Hijira, wato wajen 1766, cikin zuriyar Toronkawa. A littafinsa Ida'un Nusukh, wanda ya rubuta a 1812, ya bayyana cewa ya karanci Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, sa'an nan yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu. A hannun Shehu ya karanci Ishiriniya da Witiriya, da Ajurrumiyya a nahawu, da Ahalari da Ashmawi da Risala a fiƙihu. Daga baya ya ɗebi ilimi a wurin Malam Jibirilu ɗan Umaru, ya kuma ji Sahihul Buhari a wurin Muhammadu ɗan Raji. Muhimmancin wannan littafi shi ne ya adana mana tsarin karatun ƙasar Hausa kafin jihadi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1957.

Wa'azi da Karantar da Mata

Lokacin da Shehu ke yawon wa'azi a Zamfara, wani malami, Mustafa Gwani, ya soki jama'arsa a kan halartar mata wurin karatu. Abdullahi ne aka sa ya ba da amsa cikin waƙe. Hujjarsa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi muni, domin lalura takan halatta abin da aka hana. Wannan ya nuna cewa tun farko gyaran da ake nufi ya rataya ne a kan ilimin kowa, mace da namiji.

Tsakanin Allo da Takobi

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, shi ya jagoranci rundunar Tabkin Kwatto, ya kuma ci Birnin Kebbi a 1805. Sai dai nasara ta zo da abin da bai so ba. Da ya ga mutane sun karkata ga ganima da neman muƙami, sai a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙat.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ta faɗa hannun Abdullahi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, aka sami 'yar tsama tsakaninsu, har sai da yaƙin Kalambaina ya haɗa su suka daidaita. Daga nan ya bar yawancin harkar mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a Gwandu a 1245 ta Hijira, wato 1829.

Littattafansa na Koyarwa

Hikimarsa ta malanta ta fi fitowa a tafsiri. Ya rubuta Liya'ut Ta'awil domin manyan ɗalibai, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Da ya ga ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, sai ya taƙaita shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda mutanen ƙasar suka saba da su. Haka kuma ya tsara nahawu cikin Baharul Muhiɗ, da sarfu cikin Hisnur Rasin, a waƙe domin sauƙin hadda.

Kammalawa

Illo tsohuwar mashiga ce ta fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma littafi yakan bi hanyar da fatake suka bi. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata bayan yarjejeniyar 1898 ta raba ƙasa, amma ba ta raba makarantun zaure ba. Saboda haka ya kamata ɗaliban bincike su bi gidajen malamai na Bagudo da na ƙetaren iyaka, su ƙididdige kwafe-kwafen littattafan Abdullahi da ke hannunsu da silsilar waɗanda suka karantar da su, tun kafin gara da ruwan sama su riga mu.