Tufafin Rawar Bori da Sakewar Sutura a Ƙasar Hausa, 1900-1930

Yawancin raye-rayen Hausawa ba su da tufafi na musamman. 'Yan mata su kan yi gaɗa a dandali da zanen da suka ci kasuwa da shi, manoma su kan taka gangar noma da warkinsu, 'yan tauri kuwa abin da su ke ƙarawa a jiki bai wuce layu da guraye da kambuna ba. Bori ya bambanta da waɗannan. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, yana kuma da kayansa. Idan mai garaya ko mai goge ya kaɗa taken, iskan ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, watau namiji ko macen da a ke hawa, sai masu kula da shi su sa masa kayan da suka dace da wanda ya zo. Da ganin kayan 'yan kallo sun san baƙon, tun bai buɗe baki ba.

In an tara kayan nan wuri ɗaya, sai a ga kamar an zana jama'ar ƙasar ne ɗaki ɗaki. Malam Alhaji tsoho ne masani, da fararen tufafi da rawani da tazbaha, yana tafe a duƙe yana tari. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne, mai ado da ƙamshi, mai kyauta, mai caca, ba ya yarda da riga sai ta kirki. Inna Bafilatana ce, shigarta da kayanta na matan ruga ne. Akwai Kuturu, akwai iskokin arna da na maharba, kowa da shigar irin mutanensa. Fremont Besmer, wanda littafinsa game da borin Kano ya fito cikin 1983, ya nuna cewa masu bori suna kasa mazauna Jangare, birnin iskoki, gida goma sha biyu, da sarakuna da talakawa da bayi, daidai da tsarin birnin Hausa. Ashe babu wani maɗinki da ya zauna ya ƙago kayan rawar nan daga kansa. Aro aka yi daga fada da makarantar allo da ruga da daji.

Wannan ya fi fitowa fili in an gwada shi da abin da ya auku a Turai cikin shekarun nan guda. Turawa suna da wata rawa da su ke kira bale, wadda a ke ba da labari da taka ƙafa ba da baki ba. Tun wajen 1832 matan da ke yinta sun saba da farin siket marar nauyi, kusan iri ɗaya ko wane labari a ke bayarwa. Cikin 1909 wani mutumin Rasha, Sergei Diaghilev, ya kawo ƙungiyarsa Faris, ya ɗauki masu zane su shirya wa kowane wasa tufafinsa. Cikin 1910 Léon Bakst ya shirya kayan wani wasa da aka ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya, da rawuna da buje da launi masu haske irin na ƙasashen Gabas. Matan Faris suka gani suka yi sha'awa, maɗinka irin su Paul Poiret suka yi ta sayar da rawani da buje ga matan attajirai. Daga baya Picasso ya shirya wa ƙungiyar kaya cikin 1917, Chanel kuma cikin 1924. A can, ado ya kan fito daga ɗakin wasa ya shiga gari. A ƙasar Hausa hanyar a juye ta ke: abin da gari ya sa, shi fagen bori ke ɗauka. Saboda haka wanda ke neman tarihin kayan bori, dole ya fara da tarihin kasuwar tufafi.

A farkon ƙarni na ashirin Kano ce uwar wannan kasuwa, kamar yadda Barth ya same ta cikin 1851. Masaƙa suna saƙa ƙyalle sirara a haɗa su, marina suna rini da baba, mabuga suna bugun turkuɗi har ya riƙa walƙiya, musamman a Kura, inda rawanin ɗan kura ya samo sunansa. Rigar babban mutum ta kan zama saƙi ko tsamiya ko barage, an yi mata aikin aska biyu ko aska takwas, aikin da ya kan ci watanni a hannun maɗinki. Jan alharinin da a ke saƙa barage da shi daga Tarabulus ya ke zuwa bisa raƙuma, haka kuma alkyabba da jar dara. Ayarin da ke kai turkuɗi ga Buzaye, ya komo da kayan Larabawa, ta arewacin Kano ya ke bi ya nufi Damagaram da Agadas, watau ta yankin da Kazaure da Babura su ke. Rigar da ta isa Ɗan Galadima, ke nan, dukiya ce sosai. Wanda aka yi wa girka ba ya gama biya a ranar da aka gama girkar, gama tara kayan iskokinsa yana gabansa, ko da guminsa ko da kyautar masu neman biyan bukata. Yawan kayan mai bori da kyansu suna cikin abin da a ke auna matsayinsa da shi a tsakanin 'yan'uwansa.

Sa'an nan al'amura suka sake da sauri. Ingilishi suka ci Kano cikin 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus, fataucin hamada kuwa, wanda dama ya fara rauni, bai sake miƙewa ba. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya sa kuɗi hannun manoma, kantunan Turawa suka cika da akoko da alawayyo da atamfa daga masaƙun Ingila. Saƙar gida ba ta mutu ba, manyan riguna sun daɗe a hannun masaƙa da maɗinkan Kano, amma farin ƙyalle ya yi araha, launin da a da sai mai hali ya zama na kowa.

Shaidar da a ke da ita game da kayan bori na lokacin tana bukatar a karanta ta da lura. A. J. N. Tremearne, hafsan soja wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafinsa The Ban of the Bori cikin 1914, ya lissafa iskoki da yawa da shigarsu. Amma a Tunas da Tarabulus ya tattara yawancin labarin, wurin Hausawan da bauta ko tafiya ta kai can, waɗanda kasuwar Larabawa ke tufasarwa. Malamin da zai koyar da shi a kwaleji bai kamata ya ɗauki kowace riga da ke cikinsa ya ce haka a ke sawa a Kazaure ba. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano cikin 1938 da 1939, littafinsa ya fito 1946. Baba ta Karo kuma, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin borin matan ƙasar Zazzau kamar yadda ta gani da idonta, aka buga shi 1954.

Babbar sakewa ba a ƙyalle ta tsaya ba. Da sababbin masu mulki suka zo da sabuwar shiga, sai Jangare ta yi baƙi. Cikin 1925, a ƙasar Kurfai wajen Filinge, cikin mulkin Faransi, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan waɗansu iskoki da ba a san su ba, Hausawa suka kira su Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Iskokin nan sojoji ne da gwamnoni da likitoci. Suna fareti, suna sara wa juna, suna magana da gurɓataccen Faransanci. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya kama su ya ɗaure, sai ga shi ba da daɗewa ba shi kansa ya zama iska a cikinsu, da sunan Kwamanda Mugu. 'Yan cin rani suka kai al'adar Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu, a can Jean Rouch ya ɗauki sinimarsu cikin 1954, da jar ɗamara da bindigogin itace da hular ranar Turawa.

Ka'idar dai ita ce ta dā: wanda ke da iko a gari, shigarsa a ke arowa. Abin lura shi ne yadda kaya ɗaya ya kan sake ma'ana. Jar dara, wadda a 1900 alamar fatake da sarakuna ce, ta zama hular sojan Ingilishi da na Faransi duka biyu. Mutanen Babura suna da dalilin sanin wannan fiye da na birni, gama iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar su a hannun Ingilishi, ta bar Magarya, maƙwabciyarsu ta arewa, a hannun Faransi, 'yan kasuwa kuwa ba su daina ƙetarewa ba. Iskokin Turawa sun sami wurin zama a borin Kano ma, inda Matthias Krings ya bincika su, ya buga littafi a kansu cikin 1997. Dawakinsu su kan sa kaki da takalman soja da baƙin tabarau, su busa usur, su sha sigari, a fage ɗaya da Malam Alhaji mai tazbaha da Ɗan Galadima mai babbar riga.