Takardar da ke ci a Abijan

Wani dattijo daga yankin Buza ya taɓa tare ni a ƙofar makarantar da nake koyarwa, babbar makaranta ce mai zaman kanta. Ya ce: "Malam, takardar nan da za ku ba yarona, tana ci a Abijan?" Albasar rani ya sayar ya biya kuɗin karatun. Na ce masa muna kan hanya. Allah ya yafe mini, a lokacin ko farawa ba mu yi ba.

Tambayar tasa ta girme mu. Da Nijar ta samu 'yanci a 1960 ba ta da jami'a, sai dai ɗalibi ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa, ya dawo da takardar da wani zai auna masa darajarta. A watan Janairun 1968 shugabannin ƙasashen OCAM suka hadu a Yamai, suka yanke shawarar kafa CAMES, hukumar da ke da mazauni a Wagadugu. A 1972, a Lome, aka sa hannu kan yarjejeniyar amincewa da takardun shaidar juna. Ita kuwa cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai an buɗe ta a 1971, ta zama jami'a a 1973, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992.

Shekaru da dama, yaron Madawa ko Keita da ya ci bak, in yana son jami'ar gwamnati, sai ya hau motar Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram. Ta Tawa yanzu tana amsa sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, kuma ni dai ban ga sunan da ya fi wannan dacewa ba. Makarantun kuɗi ma suka yawaita, kowace da allonta a bakin titi, bayan UEMOA ta ɗora ƙasashenta kan tsarin LMD a 2007.

Izinin buɗe makaranta daga gwamnati yake fitowa, amma amincewar CAMES sai an nema, fanni bayan fanni, kuma kafin masana su duba, makaranta ce ke fara binciken kanta. A Najeriya ma hukumar NUC fam take ba jami'a ta cika kafin masu tantancewa su iso.

Da muka zauna namu binciken, na ɗauka aikin cika takardu ne. Ashe tonon silili ne. Malamai nawa ne namu na dindindin, nawa ne 'yan sa'a masu zuwa daga wani wuri? Darasin da jadawali ya ce an koyar, ina rajistar da ta nuna an shiga aji? Da muka buɗe rajistar wani fanni, sai ga makonni babu sa hannun kowa. Tambayar da ta fi ba ni kunya ita ce: ina waɗanda suka gama? Babu wanda ya taɓa bin sawunsu. Muka riƙa buga waya, daga ƙanin wannan zuwa abokin wancan, muka sami wasu a ma'aikatu, wasu a tashar albasa.

Wani abokin aikina ya kawo shawarar a aro littattafai a cika kantoci, a ɗauki hoto. An yi gardama har magariba, aka watsar. A ƙarshe fanni biyu muka tura, muka janye na uku har sai an samu malamai. Na ukun nan shi ne na yaron dattijon, kuma ni aka wakilta in je Buza in faɗa masa.