Ajin zana da gobarar 2021

Tun ina yaro na san ajin zana. Ana kafa shi bayan kaka, idan kara ya samu, a ce na wucin gadi ne kafin a gina na siminti. Yara suka yi ta ƙaruwa, gini bai bi su ba, wucin gadin ya zama zaman dindindin.

Ranar 13 ga Afrilun 2021 wuta ta tashi a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Daga bakin ƙofa ta faro, babu wata mafita. Manya suka haura katanga, ƙanana kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba, wata bakwai bai cika ba, sai ga ta a Maradi: yara fiye da 20, ƴan shekara biyar zuwa shida. Aka yi zaman makoki na kwana uku. Sai a lokacin gwamnati ta hana sanya ƴan jardan cikin rumfar kara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne watannin da ke tsakani. Malamai sun koma cikin zanar nan kowace safiya, bokitin yashi ma ba kowa ke da shi ba, insifekta kuwa in ya zo, kayen darasi yake dubawa.