Tantance manhaja a rumbun bayanai na gajimare

Tantance manhaja shi ne matakin da rumbun bayanai na gajimare ke bi don sanin wanda yake neman shiga, kafin ya ba shi izinin karanta bayanai ko rubuta su. Rumbun gajimare shi ne wanda bayanansa ke ajiye a kwamfutocin wani kamfani, ana isa gare su ta intanet, kamar DynamoDB da Amazon ya fitar a 2012, ko Firebase da Google ya saya a 2014.

Saitawa

Mai haɗa manhaja yakan fara buɗe asusu, ya ƙirƙiri rumbun, sannan ya karɓi shaidar shiga. Shaidar iri biyu ce. Akwai mabuɗin sirri, wanda ake ajiye shi a sabar kawai, domin duk wanda ya same shi zai iya shiga da sunan mai asusun. Dasa shi cikin manhajar waya ganganci ne, tunda ana iya warware manhajar a zaro shi. Akwai kuma tikiti na ɗan lokaci: mutum ya shigar da kalmar sirri ko lambar da aka turo masa ta saƙon tes, sai a ba wayarsa tikiti mai sa hannun sabar. Ƙa'idar OAuth 2.0 ta 2012 ce ta yaɗa wannan tsari. A Firebase tikitin na aiki na awa ɗaya, daga nan wayar ta nemi sabo. An taƙaita wa'adin ne domin ko an sace tikitin, amfaninsa ba zai daɗe ba.

Inda babu sabis

Tsarin tikiti ya dogara ne ga samun sabis a kai a kai. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana, kuma katsewar ta ɗauki watanni. A irin wannan hali saƙon tes ba ya zuwa, tikitin da ya ƙare kuma ba ya sabuntuwa.

Wasu rumbunan, kamar Cloud Firestore, suna barin manhaja ta ci gaba da rubuta bayanai a cikin wayar, ta jera su har sabis ya dawo. Sai dai a lokacin ne sabar take duba izinin mai wayar. Idan an rufe asusunsa ko an sauya dokokin shiga a tsakani, sabar na iya ƙin karɓar duk abin da aka tara. Ga ma'aikacin lafiya mai rubuta sunayen yaran da aka yi wa riga-kafi a ƙauye, wannan na nufin asarar aikin makonni. Saboda haka ake so a shiga asusu tun a inda akwai sabis, kada a fita daga cikinsa a ƙauye, kuma manhajar ta riƙe kwafin bayanan har sabar ta tabbatar da karɓarsu.