Matsalar Jingina Zane ga Mai Shi: Misalin Allon Isenheim

1.0 Gabatarwa

A tarihin zane-zanen addini na Zamanin Farfaɗowa a Turai, sau da yawa idan aka rasa sunan mai aiki sai a jingina aikin ga wanda ya fi shahara a zamaninsa. Wannan maƙala za ta dubi misali ɗaya daga ƙasar Jamus.

2.0 Allon da Mai Shi

Tsakanin 1512 da 1516 aka zana wani babban allon bagade domin gidan sufayen Antoni da ke Isenheim, inda ake jinyar masu cutar da ke samuwa daga cin gurɓataccen hatsi. Mai zanen ya nuna gicciye Yesu, bisa aƙidar Kirista, da jiki duk miyaku, domin majinyata su ga irin wahalarsu a jikinsa. Allon yana gidan tarihi na Unterlinden a Colmar, cikin Faransa ta yau.

Mai zanen ya rasu a 1528, ba a jima ba aka manta da shi, har aka daɗe ana ɗaukar allon aikin Albrecht Dürer ne. A 1675 Joachim von Sandrart ya rubuta tarihinsa, ya kira shi Grünewald, sunan da ba a same shi a takardun zamanin mutumin ba.

3.0 Hujjojin Manazarta

Hujja uku suka warware matsalar. Ta farko ita ce salo: Dürer ya fi dogara ga tsabtar layi da ma'aunin jiki, mai allon Isenheim kuwa launi da tsananin raɗaɗi ya sa a gaba. Ta biyu ita ce haruffan M, G da N da ke kan wasu ayyukansa. Ta uku ita ce takardun ajiya, waɗanda suka ambaci wani Mathis Gothart Nithart, mai zane kuma masanin aikin ruwa a fadar Babban Bishop na Mainz. Littafin Walther Karl Zülch na 1938 ya ƙarfafa wannan ra'ayi.

4.0 Kammalawa

Salo ya raba allon da Dürer, amma takardu ne suka fito da sunan mai shi. Duk da haka, sunan da Sandrart ya laƙaba shi ya zauna a bakin jama'a da littattafai. Ayyukansa na fenti da suka rage kusan 10 ne kawai, saboda haka jingina guda, ko ta daidai ko ta kuskure, tana iya sauya yadda ake fahimtarsa baki ɗaya.